Ranar da aka kira injiniyoyi ƙwari

A ƙauyenmu, kusa da Gazawa, akwai wani dattijo mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Shekara biyu yana faɗa wa mutane a tara kuɗi a sake wani ƙarfe da ya cinye, ba wanda ya saurare shi. Ranar da famfon ya tsaya cak, tsakiyar bazara, sai ga magana ta tashi wai shi ya lalata shi don a biya shi ladan gyara. Ni ma, ina yarinya, na faɗa. Shi na tuna da na ci karo da labarin shari'ar Shakti.

Shakti gari ne na masu haƙar gawayin ƙasa a kudancin Rasha, irin gawayin da ake haƙa a Anu Araren. Bayan juyin juya halin 1917, Bolshebik sun karɓi mulki amma ba su da ƙwararru nasu. Dole suka riƙe injiniyoyin zamanin sarki, suna amfani da su suna hararar su. Da Stalin ya matsa sai masana'antu sun yi gudun da ba su iyawa, injuna tsofaffi, ma'aikata sababbin zuwa daga karkara, haɗurra suka yawaita. To laifin wa? Ai jam'iyya ba ta kuskure.

A watan Mayu na 1928 aka gurfanar da mutum 53 a Mosko, injiniyoyi da masu fasaha, har da Jamusawa uku. Bishinski ne alƙali, Kirilenko mai gabatar da ƙara. Wai sun haɗa baki da tsofaffin masu ramukan da suka gudu waje. Hujja kusan duka ikirari ce, wadda ƴan sandan ciki suka tatsa. Wasu sun tsaya kai da fata sun musanta. Aka yanke wa 11 hukuncin kisa, aka harbe 5. Sai a 2000 hukumomin Rasha suka wanke su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, da yake harshe nake karanta, ita ce kalmar da aka laƙaba musu: "briditel". Fassararta maɓarnaci, amma da ita ce kuma manomin Rasha ke kiran ƙwaron da ke cin amfanin gona. Ku duba fa! Ɗan Agye ko Gidan Rumji ya san mi ake yi da fara in ta sauka a gonar hatsi: ba a tambayarta dalili. Kuma kalmar ba ta da ƙofar fita. Injiniya ya ce aikin ga ba ya yiwuwa cikin shekara guda, ɓarna ce, yana rage gudu. Ya yi shiru injin ya fashe, ɓarna ce. Ya nemi a sayo kayan kariya, yana ɓarnar kuɗin talakawa.

Fiyotar Falcinski, babban injiniyan ma'adinai mai faɗin gaskiya, an harbe shi a 1929 ba tare da shari'a a fili ba. A ƙarshen 1930 aka sake wata shari'ar, ta "Jam'iyyar Masana'antu", wadda babu ita sai a takardun masu bincike. Cikin waɗanda aka ce an ƙulla makircin da su a waje har da attajirin da ya rasu tun 1924.

Jagoran waɗanda ake tuhuma, Leonid Ramzin, ya amsa duk abin da aka ce. Aka yanke masa kisa, aka sassauta, aka ajiye shi a gidan kaso na musamman inda fursunoni ke zanen injuna, ya ci gaba da aikin tukunyar tururinsa. A 1943 gwamnatin nan dai ta ba shi lambar yabo mai sunan Stalin.

Dattijonmu kuwa, da ƙishirwa ta ishi gari, shi aka je aka roƙa. Ya ɗauko jakar kayan aikinsa, bai ce da kowa uffan ba.