Ganuwar Amina: aikin da takobi ya rufe

Jama'ar Dogo-Dogo da Dungas, duk wanda ya taɓa shiga Birni a Damagaram ya ga ragowar garun nan, kuma ko yaro ka tambaya zai ce maka aikin Sarki Tanimun ne. To akwai macen da ta riga shi wannan aiki da ɗaruruwan shekaru, sai dai da an ambaci sunanta hankali ya tafi fagen fama: Amina ta Zazzau.

Mutum-mutuminta da ke Legas a kan doki yake, cikin shirin yaƙi. Fim ɗin da Netflix ta saki a 2021, sara da suka ne suka cika shi. Littafin Tarihin Kano ma, wanda ya sanya ta a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), gaisuwar da aka kai mata ya tsaya lissafawa: Sarkin Nupe ya aiko da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masana kuma sun ce a ƙarni na 16 ta yi zamani, 'yar Bakwa Turunku ce.

Maganar gini a bakin talakawa ta tsira. Su ne suka riƙe cewa duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi da garu, har tsofaffin garuka da dama a ƙasar Hausa ake kiransu ganuwar Amina.

Ku duba abin da aikin ya ƙunsa. A haƙa gwalalo mai zurfi, ƙasar da aka fitar ita za a kwaɓa a tayar da garu, gindi da faɗi, sama a tsuke, don kada ya rufta. A bar sarƙaƙiya ta cika ramin, doki ba ya ƙetarawa. Ba gidaje kaɗai ake kewayewa ba, har gonaki da rijiyoyi da makiyaya, yadda in maƙiya suka tsare ƙofa yunwa ba za ta fitar da mutane ba. Dubban hannaye ake bukata, da hatsin ciyar da su, da ruwan kwaɓi a tsakiyar rani, kuma dole a kammala kafin damina ta sauka. Wanda ya taɓa jiran ruwa a bakin rijiya a nan yankinmu ya san nauyin wannan lissafi. Jarumta kaɗai ba ta yinsa.

Ba ita ta ƙirƙiro ganuwa ba, Sarki Gijimasu ya fara ta Kano tun ƙarni na 12. Ban kuma yarda duk garun da aka jingina mata nata ne ba. Amma jama'a ba sa ɗora wa mutum sunan sana'ar da ba su gan shi a kanta ba, balle mace a cikin jerin sarakuna maza.

A Zariya har gobe ana shiga ta Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, garun kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini sun cinye mafi yawansa.