Wutar Challawa da Injinan Kano

Maudu'inmu na wannan makon shi ne wutar lantarki da masana'antun Kano.

Da yawa cikinmu in an ce Challawa, warin majema ne ke fara zo mana a rai. Amma kafin kamfanonin fata, a bakin wannan kogin aka kafa injinan da suka fara bai wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aikin En'e ne, da kuɗin baitulmalin Kano, wato harajin talakawa da jangali. A nan mutanen da suka saba da aci-balbal suka fara ganin fitilar da ba ta shan mai.

Daga 1951 hukumar ECN ta karɓi harkar wuta a ƙasar. A wannan zamanin Bompai ta fara cika da injinan matse gyaɗa, sabulu da alewa, kusa da layin dogo. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, sai kuɗin fetur ya shigo, aka yanka filayen Sharada kashi-kashi, Challawa ta biyo baya. Masaƙu da kamfanonin roba suna aiki dare da rana, lebura na fita wani na shiga.

A ganina tun nan aka yi sake. Kano ta koma jiran wutar da ake turo mata daga ɗaruruwan kilomita zuwa tashar Kumbotso, ba ta riƙe tata ba. Da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, wuta kuma ta zama sai an ga dama. Mai kamfani ya koma janareta, ga yadin China mai araha ya cika Kantin Kwari. Masaƙa ba ta jure wannan, domin wuta na ɗaukewa zare ya tsinke, aikin yini ya lalace. Sunaye dai sun yi ta canzawa: PHCN a 2005, KEDCO ta koma hannun 'yan kasuwa a 2013.

Abin mamaki, haske kansa ya yi arha. Yau da ƙwan LED ɗaya a cikin akwati ana iya haska lambu guda ta siraran zaren roba masu ɗaukar haske, babu lantarki a jikinsu, ko ruwa ya taɓa su ba sa jan mutum. Ƙaramin faifan sola ya ishe su. Injin narka roba a Sharada kuwa ba ya jin wannan yaren. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 kuma shi masu masana'antu suka zuba wa ido.

Wanda mahaifinsa ya yi aiki a Bompai ko Sharada, ya faɗa mana sunan kamfanin da shekarar da aka rufe shi.