Wane Ne Matashi a Cocin Katolika?

Wanda ya leƙa cocin Katolika a Kaduna, Zariya ko Kafanchan ranar Lahadi zai ji kusan duk sunayen da ake kiran juna da su na cikin gida ne. Limamin coci Fada ne, daga kalmar Turanci mai nufin uba, kuma ta zauna daram a bakin Bahaushe tunda da ma ya saba da fadar sarki. Iyaye mata suna da Zumuntar Mata Katolika, samari da 'yan mata kuma suna da ƙungiyarsu ta CYON, wadda akan kira zumuntar matasa. Zumu kuwa ɗan'uwa ne, na jini ko na amana. Duk wanda ya shiga zumunta ya zama ɗan gida, ba a yi masa tambayar da ake yi wa baƙo.

Katikis da katikisma daga Girkanci suka fito, daga aikatau mai nufin koyarwa baki da baki. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako, katikis ne ke riƙe da yara, shi ke shirya su karɓar sakramenti. Sai a 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin muƙami na musamman a coci.

Kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce matashi. Daga tashi take, wato mai tasowa, kuma ba ta da katanga. Yarinya 'yar shekara 14 matashiya ce, gwauro ɗan shekara 32 da bai samu halin aure ba shi ma matashi ne, kuma sau da yawa benci ɗaya suke zama wajen koyon waƙa, mota ɗaya ke kai su taron kwana. Ko taron bishop-bishop da aka yi a Roma a 2018 kan matasa ya ɗauki 'yan shekara 16 zuwa 29 ne, wato ya haɗa ƙanana da manya a suna ɗaya.

Dokar coci ba ta yarda da wannan sassauci ba. A wajenta, wanda bai cika shekara 7 ba ana ɗaukarsa bai yi wayo ba tukuna, shi ya sa tun 1910 Fafaroma Pius na Goma ya sa yara su fara karɓar Jibin Ubangiji wajen wannan shekara. Wanda bai cika 18 ba kuma ƙaramin yaro ne, komai tsayinsa, komai gemunsa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ita ma a 18 ta tsaya. Mu kuwa a Hausa da balaga muke awo, balaga kuma jiki ne ke nuna ta, ba takardar haihuwa ba. Nan ne mai mugun nufi ke samun kafa: ai budurwa ce, ai ta san abin da take yi.

Coci ta sha wuya kafin ta ja wannan layi da ƙarfi. A 2002, bayan jaridar Boston Globe ta fallasa limaman da suka ci zarafin yara, bishop-bishop na Amurka suka amince da ƙa'idojin kare yara a birnin Dallas a wannan shekarar. A 2014 aka kafa hukumar kare yara ta fadar Fafaroma. A 2019 dokar Vos estis lux mundi ta wajabta wa kowace dayosis ta buɗe hanyar kai ƙara da kowa zai iya bi, ta kuma hana a tilasta wa mai ƙara yin shiru.

Sai dai hanyar ƙara ba ta da amfani ga yaron da ba shi da kalmar da zai faɗi abin da aka yi masa. Kunya ta sa muna cewa an ɓata yarinya, ko an yi lalata da ita. Ta farko ta ɗora ɓacin a kanta, ta biyu ta mai da ita abokiyar aikin. Cin zarafi da fyaɗe su ne ke nuna mai laifi da yatsa, kuma su ne manya ke jin nauyin furtawa a ajin katikisma, balle in wanda ake zargi sunansa Fada.