Motar kara: ƙananan motoci da tankokin yaƙi na yaran karkarar Kano

Motar kara abin wasa ne da yara ke ƙerawa da karan dawa ko na gero bayan girbi, suna kwaikwayon manyan motoci, jiragen ƙasa, wani lokaci har da tankokin yaƙi. Sananniya ce a faɗin ƙasar Hausa, ciki har da ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi a arewacin Jihar Kano.

Ana fere ɓawon karan, a yayyanka totuwarsa mai laushi daidai tsawon da ake bukata, sannan a harhaɗa da siraran ɓawon ko ƙaya a madadin ƙusa. Tayoyi kuwa daga sakaina ko tsohon silifa ake yanko su. Tanka ta fi wuya, domin sai an yi mata hasumiya mai juyawa da bakin bindiga da bai rinjayi jikinta ba.

A Turai da Amurka irin wannan aiki babbar sana'a ce, kuma manya ne masu saye. Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa sun fi amfani da ma'aunin HO, wato 1:87, inda tanka mai tsawon mita 10 ke komawa kimanin santimita 11 da rabi. Tun 1960 kamfanin Roco na Ostiriya ya fara fitar da tankokinsa na Minitanks a wannan ma'auni, don a iya ɗora su a kan taragu. Yaron ƙauye kuwa da ido da yatsa yake awo, amma matsalar da yake warwarewa ita ce dai ta injiniyan kamfani, wato daidaita kowane sashe da ɗan'uwansa.

Abin takaici, fasahar na ja da baya. A wannan yanki mai cunkoson jama'a, inda ake nome kusan kowace gona duk shekara, kara ya zama kuɗi: abincin dabbobi ne, makamashi ne, da shi ake danga. Kayan wasan roba sun cika kasuwanni, makarantu kuma ba safai suke ɗaukar ƙirar da muhimmanci ba.

Hakan na faruwa ne a daidai lokacin da ake shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Layin zai ratsa ta Dambatta, kuma zai bukaci masu walda, makanikai da masu awo.