Sakacin tantance bayanai a lissafin eliftik: ƙaramar ɓarakar da ke fasa manyan makullai

Duk lokacin da mai POS a Kinkinau ya buɗe manhajar banki, ko wata uwa a Unguwar Mu'azu ta aika wa ɗanta saƙo ta WhatsApp, akwai lissafin da ke gudana a ɓoye domin kada wani ya karanta saƙon ko ya sauya shi a hanya. Mafi yawan wannan aiki a yau ya dogara ne da fasahar da masana ke kira ECC, wato kulle bayanai ta hanyar lanƙwasasshen layin eliftik. Lissafin yana da ƙarfi, amma sau da dama manhajar da ke aiwatar da shi kan karɓi abin da aka miƙo mata ba tare da ta bincika ba.

Yadda fasahar take

Masana lissafi biyu, Neal Koblitz da Victor Miller, su ne suka gabatar da ita a 1985, kowanne a nasa ɓangaren. Ana zaɓar layi mai tsarin y² = x³ + ax + b, da ɗigo guda a kansa da kowa ya amince da shi a matsayin mafari. Mabuɗin sirri wata babbar lamba ce. Idan aka ninka ɗigon mafari da ita, sai a samu mabuɗin fili, wanda ake iya nuna wa kowa. Ninkawar tana da sauƙi, komawa baya kuwa ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su. Mabuɗi mai bit 256 yana ba da tsaron da ya yi daidai da na RSA mai bit 3072, abin da ya sa fasahar ta dace da wayoyi da ƙananan na'urori.

Masu haɗa manhaja ba sa rubuta wannan lissafi da kansu. Suna ɗauko shi a shirye daga kundin da suke kira laburare, irin su OpenSSL da Bouncy Castle. Saboda haka kuskure ɗaya a laburare kan bazu zuwa dubban manhajoji.

Inda ɓarakar take

Ƙa'ida ta tanadi cewa kafin a yi amfani da ɗigon da wani ya aiko, a tabbatar yana kan layin da aka amince da shi. Dalili shi ne, dabarun da aka saba ninka ɗigo da su ba sa amfani da lambar b ko kaɗan. Idan maharin ya aiko da ɗigo daga wani layi mai rauni, manhajar da ba ta bincike za ta ninka shi da mabuɗin sirrinta, amsar kuma ta tona ɗan guntun mabuɗin. Ya maimaita da ɗigogi daban-daban, sai ya harhaɗa guntayen ya samu mabuɗin gaba ɗaya. Ingrid Biehl da Bernd Meyer da Volker Müller sun bayyana tushen wannan hari a 2000. A 2015 masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus suka nuna yana aiki a zahiri kan Bouncy Castle da laburaren Java na kamfanin Oracle.

Fitattun misalai uku

A 2018 Eli Biham da Lior Neumann na cibiyar Technion suka gano cewa na'urori da dama ba sa tantance ɗigon da ake musaya yayin haɗa Bluetooth. Wanda ke kusa a daidai lokacin haɗawar zai iya kutsawa tsakani ya saurari abin da ke wucewa. Matsalar, mai lamba CVE-2018-5383, ta shafi kayayyakin Apple da Intel da Broadcom da Qualcomm.

Ranar 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya toshe CVE-2020-0601, wadda hukumar tsaron Amurka ta NSA ta kai masa rahotonta. Kafin wannan gyara, Windows 10 yana duba mabuɗin fili na takardar shaidar shafi ko manhaja, amma ba ya duba ɗigon mafarin da aka gina ta a kai. Da haka mayaudari zai iya ƙirƙirar takardar bogi da kwamfuta za ta ɗauka ta fito daga amintacciyar hukuma.

Na uku, CVE-2022-21449, Neil Madden ne ya gano shi, Oracle kuma ya gyara a Afrilun 2022. Sa hannun dijital na ECDSA ya ƙunshi lambobi biyu, r da s, kuma dole kowacce ta wuce sifili. Da aka sake rubuta wannan sashe a Java 15, sai binciken ya salwanta. Kafin gyaran, daga Java 15 zuwa 18, sa hannun da ke ɗauke da sifili biyu yana wucewa a matsayin sahihi kan kowane saƙo, tamkar mai gadi ya karɓi farar takarda a madadin katin shaida.

Abin da ya rataya a kan kowa

Gyaran irin wannan ɓaraka ba ya wuce layuka kaɗan: a tabbatar ɗigo yana kan layi, lambobi suna cikin iyakarsu, sigogin layin kuma su ne sanannu. Wasu layukan, irin Curve25519 na Daniel Bernstein da WhatsApp da Signal ke amfani da shi, an tsara su ne ta yadda hatsarin ɗigon bogi zai ragu matuƙa. Nauyin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi shi ne su san laburaren da ke cikin manhajojinsu, su sabunta shi da zarar gyara ya fito. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a ɗaukar matakan tsaro na fasaha.

Mai amfani da na'ura ba zai iya ganin ɓarakar da idonsa ba, kuma sauya kalmar sirri ba ya toshe ta. Gyaran yana isowa ne ta hanyar sabuntawa kawai. Shagon buga takardu da ya kashe sabunta Windows don tattalin data, da wayar hannu ta biyu da kamfaninta ya daina aika mata gyara, suna iya zama da tsohuwar ɓaraka shekaru bayan an toshe ta. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025. Wanda zai sayi tsohuwar waya domin harkar kuɗi, ya dace ya shiga saitinta ya duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe kafin ya biya.