Dokar Ƙwallon Sama da Hukuncin Alƙalin Wasa

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, na zaɓi in kawo muku tarihin wata doka ta wasan besbol na Amurka, domin a ganina tana da darasi ga duk mai nazarin shari'a.

A wannan wasa akwai zango huɗu. Mai bugu yana dukan ƙwallo da kulki, ya ruga daga zango zuwa zango. In ƙwallon ya tashi sama aka cafe shi, mai bugu ya fita, masu gudu kuwa dole su koma zangonsu. In ya faɗi ƙasa, wanda ke zangon farko dole ya matsa gaba, haka na gabansa. To, a ƙarni na 19 sai masu tsaron fili suka gano wayo. Idan akwai masu gudu a zango na ɗaya da na biyu, sai mutum ya bar ƙwallon ya faɗi da gangan, ya ɗauka ya fitar da mutum biyu nan take. Mai gudu ya rasa ta yi: gaba kura, baya siyaki.

Saboda haka a 1895 ƙungiyar National League ta kafa doka, aka faɗaɗa ta a 1901. In ba a kai ga fitar da mutum biyu ba, ga masu gudu a zango na ɗaya da na biyu, ko a duka ukun, ƙwallo kuma ya tashi inda mai tsaron ciki zai cafe shi ba da wahala ba, alƙali zai ɗaga hannu ya ce mai bugu ya fita, ko an cafe ko ba a cafe ba.

Amma wa zai auna wahala? Ido da hankalin alƙali kaɗai, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan abin da ya gani. Ranar 5 ga Oktoba 2012, a birnin Atlanta, Andrelton Simmons ya buga ƙwallo ya faɗi can nesa, kimanin ƙafa 225, tsakanin 'yan wasan St. Louis biyu. Alƙali Sam Holbrook ya ce dokar ta hau. 'Yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe, aka tsai da wasa minti 19. Aka ƙi karɓar ƙorafin Atlanta, ta sha kashi 6 da 3, aka fitar da ita daga gasar.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, an yi dokar don kare masu gudu, amma ran nan ita ta cuce su. Ana iya rubuta doka a toshe ƙofar ha'inci, sai dai ba a iya rubuta wa mai hukunci basira. Allah ya ba alƙalanmu ita.