Tsohon soja mai ciwon damuwa: yaushe ake kwantar da shi asibiti ba da yardarsa ba?

Ciwon damuwa cuta ce da ake magani, ba ragwanci ba ne. Yakan kama tsofaffin sojoji da suka ga tashin hankali a fagen daga, kamar Laberiya, Saliyo ko Arewa maso Gabas. Alamominsa sun haɗa da rashin barci, ƙin cin abinci, keɓe kai da yawan zancen mutuwa.

A da, dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki, wadda ta fi karkata ga tsare mutum. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Yanzu ƙa'ida ita ce a nemi yardar majinyaci. Ba a kwantar da shi dole sai likita ya duba ya ga akwai haɗarin ya cutar da kansa ko wani, ko kuma ciwon zai tsananta matuƙa idan ba a kwantar da shi ba. Wato dai rigimar gida ko ta kuɗin fansho ba hujja ba ce.

Ko an kwantar da shi, yana da haƙƙin sanin maganin da ake ba shi, a rufa masa asiri, kar a wulaƙanta shi, kuma a sake duba batun tsarewar.

A kudu akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, Aro ta Abeokuta, Benin, Enugu da Kalaba. Kuɗin maganin sojojin da suka yi ritaya kuwa, a tuntuɓi DHML.

Idan ya fara maganar kashe kansa, kar a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.